Yadda zaka rage wa waya ƙarfi a kanka ba tare da ka jefar da ita ba

Ka taɓa ɗaukar waya don kawai ka duba ƙarfe nawa, sai ka farga bayan minti 40 kana kallon bidiyon wani mutum da baka sani ba yana wanke wata tsohuwar mota, ka ajiye wayar, sannan ka tuna ashe har yanzu baka san ƙarfe nawa ba? Ni dai ya sha faruwa dani, kuma na daɗe ina zagin kaina wai ni ne bani da zuciya. Kullum da dare sai in ce gobe zan rage, gari na wayewa tun kafin idona ya gama buɗewa hannuna ya riga ya lalubo ta.

Abin da na gane daga baya shine alƙawari baya aiki a wannan harkar. Kai kaɗai ne a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma kamfanoni ne masu biyan dubban injiniyoyi albashi don su ƙara maka ko minti ɗaya ne a cikin manhajarsu, tunda yawancinsu da talla suke samun kuɗi, iya daɗewarka iya tallan da zaka gani. Wannan saukar da kake yi ƙasa ƙasa abu baya ƙarewa, wani ne ya zauna ya ƙirƙiro shi, sunansa Aza Raskin, a shekarar 2006, kuma shi da bakinsa ya fito daga baya ya ce yana nadama. Kafin nan shafi yana da ƙarshe, in ka kai ƙasa dole ka danna kafin na gaba ya buɗe, wannan ɗan tsayawar ita ke ba mutum damar cewa kai bari in tashi haka nan. Suka cire ta. Haka jan skirin ƙasa da kake yi da babban yatsa don sabon abu ya shigo, Loren Brichter ne ya fara sa shi a wata manhajar Twitter mai suna Tweetie, kuma in ka lura bashi da maraba da jan hannun injin caca, wani lokaci ka samu abu mai daɗi wani lokaci babu komai. Tun shekarun 1950 wani masanin halayyar ɗan adam B.F. Skinner ya gwada wannan akan tattabaru da ɓeraye, ya gano ladan da ba a san lokacin zuwansa ba shi ya fi sa dabba ta nace tana dannawa ba gajiya. To mu ne tattabarun yanzu, sai haƙuri.

Don haka duk abin da zan faɗa a nan akan abu ɗaya yake tafiya, ka daina dogaro da ƙarfin zuciya, ka gyara wayar da inda take zama yadda kaiwa gare ta zai ɗan yi wuya. Ɗan wuya kaɗan ma ya isa, don yawancin ɗaukar da muke yi ba da niyya bane, hannu ne kawai ya saba.

Fara da duba gaskiyarka. Tun 2018 Apple suka sa Screen Time a iPhone, Google ma a shekarar suka kawo Digital Wellbeing a Android, duk suna cikin saitin, su ne suke nuna maka lissafin lokacin da kake yi a waya. Kafin ka buɗe ka fara rubuta a takarda awa nawa kake zaton kana yi a rana, sannan ka buɗe ka kwatanta. Nawa dai da na gani sai da na ajiye wayar na yi shiru. Amma kada ka tsaya kan jimillar awanni kawai, don wani da waya yake sana'arsa, awa 7 ɗinsa ta fi awa 2 ta wani amfani. Abu biyu zaka duba, sau nawa ka buɗe wayar a rana, da kuma waɗanne manhajoji 2 ko 3 ne suka cinye yawancin lokacin. Zaka tarar ba wayar gaba ɗaya bace ɓarauniyar, wasu 'yan tsiraru ne a cikinta, su zaka sa a gaba.

Sai notifikeshan, kuma anan zan ɗan daɗe don nan ne uwar matsalar. Akwai binciken da aka yi a jami'ar jihar Florida ta Amurka a 2015, aka ba ɗalibai aikin da ke buƙatar natsuwa, ana cikin yi sai a kira wasu ko a tura musu saƙo ba tare da sun san daga masu binciken bane. Basu ɗaga ba, basu duba ba, amma kurakuransu suka ƙaru sosai. Ƙarar kawai ta isa, don da zarar ta yi zuciyarka ta tafi tambayar waye, me ya faru, ko amsar da nake jira ce. Ita kuma Gloria Mark ta jami'ar California da ke Irvine ta shafe shekaru tana auna yadda ma'aikata ke zama akan skirin ɗaya kafin su tsallaka wani, a 2004 wajen minti 2 da rabi ne, a 2012 ya dawo daƙiƙa 75, daga baya ya sauko daƙiƙa 47. Kuma in an katse mutum yakan ɗauki sama da minti 20 kafin ya dawo kan aikin da ya bari, saboda ba kai tsaye yake dawowa ba, sai ya biya ta wani abu ya biya ta wani. Kaga kenan "bari in ɗan duba na daƙiƙa biyu" ƙarya ce da muke yi wa kanmu.

Ƙa'idar da nake bi mai sauƙi ce, mutum yana da izinin ya kira hankalina, manhaja bata da shi. Shiga saitin, nemi wurin notifikeshan, bi manhajojin ɗaya bayan ɗaya kana tambayar kanka, in wannan ta yi ƙara mutum ne mai rai yake nemana ni ɗin nan ko kuwa na'ura ce take son in dawo? Gem, manhajar sayayya, labarai, "wane ya ɗora sabon hoto", "mutum 3 sun so rubutunka", duk ka kashe. Ka bar kira, saƙon mutum zuwa mutum, alat na banki, kalanda, da abin da ya shafi aikinka kai tsaye. A Android tun daga na 8 zaka iya rarraba notifikeshan na manhaja ɗaya, ka bar saƙon da aka turo maka kai tsaye ka kashe sauran shirmen, in ka danne notifikeshan ɗin ka riƙe zai kai ka wurin. Daga Android 13 kuma dole manhaja ta nemi izini kafin ta fara turo maka, to ka koyi danna a'a tun ranar da ka sauke ta. Kada ka manta da jan ɗigon nan mai lamba da ke zama a kan manhaja, shima ka kashe, ba banza aka sa shi ja ba.

Sai dai kada ka yi zafin kai ka kashe komai da komai rana ɗaya. Ni na yi, sai na koma buɗe wayar duk bayan minti kaɗan don tsoron ko wani abu ya wuce ni, abin ya ma fi da muni. Ashe an taɓa gwada wannan, a wani bincike da aka wallafa a 2019 an raba mutane gida gida, waɗanda aka tara musu notifikeshan ana kawo musu sau 3 a rana su suka fi jin natsuwa, waɗanda aka kashe musu gaba ɗaya kuwa fargaba ce ta ƙaru musu. In iPhone gareka daga iOS 15 zuwa sama akwai Scheduled Summary, shi yake wannan aikin, ka zaɓi lokutan da zai kawo maka su a dunƙule. In babu kai ka zama mai tarawar, ka tsayar da lokaci 3 a rana, misali da hantsi, bayan cin abincin rana, da yamma in an tashi aiki.

WhatsApp kuwa nata daban ne don ita ce wadda ba za a iya gogewa ba, iyali suna ciki, aiki yana ciki. To guruf guruf ɗin nan da aka jefa ka ciki ba tare da an tambaye ka ba, ka sa musu shiru na dindindin, sannan ka tura su akayib, wato ma'ajiyar da ake ɓoye hira, tun 2021 duk hirar da ka tura can tana zama can ko da sabon saƙo ya shigo. Baka fita ba balle a ce ka yi wulaƙanci, kuma basa gabanka. Ka kashe saukar hoto da bidiyo da kansu. Shuɗin tik ɗin nan ma in yana sa ka jin dole ka amsa nan take ka kashe shi, amma ka sani kai ma ba zaka ga na wasu ba, kuma a guruf ba a iya kashe shi. Muhimmin abu shine ka gaya wa na kusa da kai da baki, in da gaggawa a kira ni, saƙo ina dubawa lokaci lokaci. Mako ɗaya zasu yi ƙorafi su saba. A cikin Do Not Disturb, wato saitin da ke sa waya shiru, zaka iya zaɓar mutanen da kiransu zai shigo ko da wayar tana shiru, kuma akwai saitin da in mutum ya maimaita kira cikin ɗan lokaci na biyun zai shigo, wannan shi ya kashe min uzurin "to in wani abu ya faru a gida fa".

Yanzu fuskar wayar. Shafin farko da kake gani in ka buɗe ya zama kayan aiki ne kawai, kira, taswira, kalanda, kyamara, wurin rubutu. Manhajojin nan 2 ko 3 da ka gano su ne ɓarayin, ka cire su daga nan, in kana son su sai ka rubuta sunansu a wurin nema. In hakan bai isa ba ka goge su ka riƙa shiga ta burauza, ka kuma fita daga akawun ɗinka duk lokacin da ka gama yadda sai ka sake sa faswod. Zaka yi mamakin yadda ƙiwar rubuta faswod take ceton awa guda. Ƙiwar da take cutarka ita zaka juya ta yi maka aiki.

Iyakar lokaci da ake sa wa manhaja kuwa gaskiya ban ga amfaninta sosai ba in kai ne ke riƙe da lambar, lokaci na cika zaka danna a ƙara maka minti 15 ko tunani ba zaka yi ba. In zaka sa, ka ba wani da ka yarda da shi ya sa lambar sirrin kada ya faɗa maka.

YouTube akwai dabaru biyu. Ka kashe kunna bidiyo na gaba da kansa, wannan kowa ya sani. Na biyun da mutane da yawa basu sani ba, tun 2023 in ka kashe tarihin kallonka kuma ka goge na baya, shafin farko zai dawo fayau babu abin da zai nuna maka sai wurin nema, dole sai ka san me ka zo nema kafin ka samu abin kallo. Ni wannan ya fi min komai aiki a wayar. Instagram ma tun 2022 akwai zaɓin ganin waɗanda kake bi kawai a jere bisa lokaci, in ka danna sunan manhajar a sama.

Akwai masu mayar da skirin baƙi da fari, Tristan Harris wanda ya taɓa aiki a Google kafin ya koma faɗakarwa akan wannan matsalar yana cikin waɗanda suka yaɗa shawarar. Yana cikin saitin, a iPhone ta wajen Accessibility, a Android kuma Bedtime mode yana yi. Hotuna da bidiyo suna zama lami babu armashi. Ni kwana kaɗan na jure da rana na mayar, amma da dare har yanzu haka wayata take, ka gwada ka gani ko kai zaka iya.

To duk wannan gyaran cikin waya ne, kuma in ka tambaye ni dukkansu a haɗe basu kai ajiye wayar nesa da kai amfani ba. A 2017 Adrian Ward na jami'ar Texas da ke Austin shi da abokan aikinsa sun gwada kusan mutum 800, wasu wayarsu akan tebur a kife, wasu a aljihu ko jaka, wasu a wani ɗaki daban, duk a shiru. Waɗanda tasu take wani ɗaki su suka fi ƙoƙari a gwajin tunani, na kan tebur su suka zo ƙarshe, kuma abin dariyar yawancinsu cewa suka yi wayar bata dame su ba. Wasu da suka maimaita gwajin daga baya basu samu bambanci mai ƙarfi haka ba, amma ni ba sai an kawo min lab ba, wayar da take wani ɗaki sai na miƙe na taka kafin in taɓa ta, kafin in kai ƙofa na tuna babu abin da zan je yi. Ido wa ka raina, wanda nake gani kullum, to ita waya akasin haka ce, ganinta kullum shi ke ƙara mata kwarjini. Kifewa akan tebur yaudarar kai ne, ka kai ta ɗaki na gaba, in babu ka sa ta can ƙasan jaka ka zuge ka ajiye jakar inda sai ka tashi.

In zaka zauna aiki ko karatu ka yanka lokacin gunduwa gunduwa. Sanannen tsarin shine na wani ɗan Italiya Francesco Cirillo da ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1980, ana ce masa Pomodoro, minti 25 aiki minti 5 hutu. Ba wahayi bane, in 25 ta maka yawa fara da 15, in ka saba ka kai 45 ko 50. Abu biyu kawai zan ja kunnenka akai, kada ka yi amfani da wayar wajen auna lokacin in da hali, nemi agogo, sannan hutun minti 5 ɗin kada ka kai shi cikin waya don ba zai tsaya a 5 ba, ka miƙe, ka sha ruwa, ka leƙa waje. Ka ajiye 'yar takarda kusa da kai, duk abin da ya faɗo maka na "bari in duba kaza" ka rubuta shi ka cigaba. In ka gama ka karanta takardar, rabinsu zaka ga ko sha'awar duba su baka yi.

Dare shine wurin da aka fi cin mu. Ana yawan maganar shuɗin haske yana hana barci, eh haske da dare yana jinkirta sinadarin melatonin mai sa jin barci, amma ka sa duk tabarau da filtar da kake so, in kana karanta rigimar da ake yi a kwament ƙarfe 1 na dare ba hasken bane zai hana ka barci. Maganin guda ɗaya ne, caja ta bar gefen gado. Ka mayar da ita falo ko can ƙuryar ɗaki inda hannu baya kaiwa daga kwance. Zaka ce ai da ita nake sa alam, to ka sayi ɗan agogo mai ƙararrawa, ko ka barta nesa ɗin, in ta yi ƙara dole ka miƙe, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Da safe kuma ka ba kanka ko minti 20 ne kafin ka buɗe data, ka fara sanin me kai kake son yi da ranar kafin mutum 50 su gaya maka nasu.

Tuƙi ba zan ja shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da ke amfani da waya haɗarinsa ya ninka kusan sau 4. In kana gudun kilomita 90 a awa, daƙiƙa 5 na karanta saƙo mita 125 kenan ka tafi ido a rufe. Ka saita taswira kafin ka tada mota, ka ajiye ta inda hannu baya kaiwa.

Ga abin da ba a cika faɗa ba, in ka yi duk wannan kwanakin farko babu daɗi. Zaka riƙa shafa aljihu, zaka ji kamar ta yi motsi alhali ma bata jikinka, kada ka tsorata ba kai kaɗai bane, a wani bincike na 2012 akan ɗaliban jami'a kusan 9 cikin 10 sun ce suna jin wannan motsin ƙaryar. Kuma zaka gano ba don daɗi kawai kake ɗaukar wayar ba, gudu kake yi, in aiki ya yi tsauri, in kana jiran wani, in hira ta mutu, in wani tunani da baka so ya taso. Dole ka tanadi abin da zai zauna a gurbin, in ba haka ba zaka koma. Ɗan littafi a jaka, takawa, kiran wani da murya maimakon tura masa saƙo 30, ko zama kawai ka kalli mutane suna wucewa, bai taɓa kashe kowa ba. Ka tsara shi tun kafin lokacin ya zo, ka ce in na ji hannuna ya nufi aljihu ina tsakiyar karatu zan rubuta a takarda, in ina zaune da mutane wayar tana jaka. Shawarar da aka yanke tun farko ta fi wadda za a yanke lokacin da hannu ke ƙaiƙayi.

Wanda nasa ya yi nisa kuma yana son gwaji mai tsauri, akwai wani da aka wallafa a 2025, mutum 467 suka yarda a toshe musu intanet na waya tsawon mako 2, kira da tes suna aiki, kuma suna iya shiga intanet ta kwamfuta. Natsuwarsu da yanayin zuciyarsu suka inganta, duk da cewa da yawansu basu iya kai mako biyun cikakke ba. Kai ba sai ka yi mako 2 ba, gwada kashe data daga safe zuwa rana ranar da baka aiki, ka ga me zai faru.

Zaka zame, wannan babu tantama. Ni sau nawa ina sake sauke manhajar da na goge da sunan zan duba abu ɗaya, in farga bayan kwana 4 tana nan daram a shafin farko. In ya faru ba sai ka tsaya zagin kanka ba, ka sake gogewa kawai ka duba ta ina aka shigo maka, yawanci zaka tarar ko caja ce ta lallaɓo ta dawo gefen gado, ko wata sabuwar manhaja ce ka danna mata eh ba tare da ka karanta ba. Ni na sa wa kaina duk ƙarshen mako in buɗe lissafin nan in duba sau nawa na ɗauki wayar, in ya haura na makon jiya in bi notifikeshan ɗin in ga wace ce ta sake samun baki.